Rubutun da ke Ƙarƙashin Bakina

Damina goma sha ɗaya ke nan da aka kai ɗana na fari makwancinsa a Gusau. Da damina nake ƙirga shekara, don ranar da aka fita da shi gero ya fara fid da kai, ga shi bana ma ya fitar. Ban yi boko ba, ko allo ban riƙe ba, sai abin sallah da na ɗauka a bakin uwata. 'Yarsa Asma'u ce zaune gabana tana rubuta abin da nake faɗa, kuma na ja mata kunne kada ta ƙara gishiri, kada ta rage yaji. In kun ji magana ta yi tsauri, tawa ce.

A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ana yaye shi uwata ta ɗauke shi zuwa Kwatarkwashi, ni kuwa ina ɗakin mijina a Tsafe. Can gindin duwatsu ya tashi tare da ƙannena, ya ji suna ce mini Yaya, shi ma ya kama. Har ya yi furfura bai taɓa ce mini Inna ba, ni ma ban taɓa kiran sunansa ba. In zan yi maganarsa sai in ce Mai Farin Hannu, saboda sana'arsa.

Sana'ar tasa sai na yi muku bayani, don ni kaina na daɗe ban gane ta ba. Ba shi ne mai cire haƙori ba. Shi ne wanda ke can ɗakin baya, wanda ake kai wa awon bakin mutum, ya zuba masa farin garin nan da suke kira filasta, ya fito da siffar bakin kamar an ciro ta: dasashi, ganɗa, turame, fiƙa, har giɓi. Da wannan siffa likita ke nazarin bakin, da ita ake yin haƙoran roba. Ya yi aikin a asibiti, ya kuma keɓe ɗaki guda a gidansa ya jera siffofin a kabad mai gilashi, ɗalibai na zuwa suna koyo.

Abin da ya sa nake magana yanzu bayan dogon shiru shi ne, Asma'u ta tashi kwashe ɗakin nan. Ita ma sana'ar ubanta ta gada, amma da na'ura take yi, tana son wurin. A cikin kabad ɗin kuwa akwai siffa guda da ke da rubutun hannunsa a ƙarƙashinta, kuma bakina ce. Shekara goma sha ɗaya na san da rubutun nan, ban ba kowa ya karanta mini ba, don ina tsoron abin da zan ji. Dalilin tsoron zan faɗa muku, ko da ba zai yi mini kyau ba.

Lokacin da ya gama karatu ya dawo, na ɗauka likita aka dawo mana da shi. Na hau mota daga Tsafe na je Gusau in gani da idona. Sai na iske shi da ƙoƙon roba yana kwaɓa farin gari, hannu fari fat har gwiwa. Na tsaya bakin ƙofa na ce, "Ashe magini muka samu. Da mun sani ai da an bar ka gida ka koyi tukwane, ko ba komai a dafa tuwo." Murmushi kawai ya yi, ya ja mini kujera. Ban zauna ba. Ban tsaya nan ba ma, sai da na ƙara da cewa jera bakunan mutane a ɗaki ya yi mini kama da aikin masu gumaka. Ya ce, "Yaya, ba a roƙonsu komai, su ne ma ke roƙon a gyara su."

Amma ni mace ce mai kallo. A Tsafe an san ni, ko ƙuda ya gifta sai na faɗi inda ya dosa. Duk zuwan da zan yi Gusau sai in shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin nan, in ce iska nake sha, alhali hannunsa nake kallo. Haka na koyi aikin da ido ba tare da na taɓa ce masa ya iya ba.

Ruwa yake fara zubawa kafin gari, ba ya juya wannan tsari. Yana barbaɗa garin a hankali kamar mai talge, ya dama har gudaji su mutu. In ya zuba cikin awon sai ya riƙa buga shi a kan tebur, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har kumfar iska ta taso. Ya ce kumfa ɗaya in ta maƙale a kan haƙori, sai ta bar rami inda Allah bai yi rami ba, likita ya je yana neman cutar da babu ita. In ta bushe ya ɓanɓare, sai ya gina wa kowace gindin zama, ta sama da ta ƙasa. Nan ne aikin yake. Akwai ɗan kaki da ake sa mutum ya ciza, da shi yake gane yadda haƙoran sama ke sauka kan na ƙasa. Sai ya haɗa su a kan cizon nan, ya goge bayansu da magagari har su zama daidai wa daida. Sannan ya cire kakin, ya kwantar da su rigingine a kan fallen gilashi. In bakin ya zauna a rufe yadda mai shi ke rufe shi, aiki ya yi. In ya buɗe ko da faɗin gashin kai ne, sai ya koma ya sake. Na taɓa ganin ya fasa gindi uku a wuni ɗaya saboda bakin wata tsohuwa da ba za ta taɓa sanin an yi ba. Abin da yake cewa ɗalibai shi ne, "Bakin da aka ɗora a karkace ya yi wa mai shi ƙarya, kuma mai shi ba ya nan balle ya kare kansa."

Daga nan sai wanka. Ya jiƙa su a ruwan sabulu, ya shanya a inuwa, ya goge da tsumma mai laushi har su riƙa ƙyalli kamar ƙwai. Jerin ma da tsari. Na yara a ƙasa, na manya a tsakiya, na tsofaffi a sama, wai kada a ɗora yaro a kan babba. Kowane baki a rufe yake ajiye shi, ba ya barin ko ɗaya a wangale. Akwai labule da matarsa ta ɗinka, in ba darasi ake ba a sake yake. Suna kuwa ba ya rubutawa ko a kan guda. Lamba kawai, da fensir, a ƙarƙashi. Littafin da ke haɗa lamba da suna yana cikin akwati a kulle.

Ranar da na fara ganin girman wannan abu, ina zaune a tabarmata da hantsi sai ga wani Alhaji mai fataucin shanu daga Bungudu, an yi masa awo kwanakin baya. Ya shigo da babbar murya, ya iske labule a ɗage don ɗalibai sun fita ke nan.

"Malam, ashe nan kake tara mu! Don Allah nuna mini bakin taubashina Ɗanjuma, na ji shi ma ya zo. In ga giɓin da ya raba shi da kilishi."

"Alhaji, nan babu bakin kowa. Lamba ce."

"Kai, bar ni da lamba! Ai ko cikin dubu na san shi. Ga shi can, wancan mai kama da dangar da awaki suka yi wa ɓarna. La ilaha! Wanga baki ko kura ta gan shi sai ta yi mashi jaje."

Ya dafe ciki yana ta dariya, baki buɗe. Ni kuwa na dubi bakin da ke dariya, na dubi wanda yake nunawa. Fiƙar hagu da ta kwanta, turame biyu da suka tafi, duk ga su nan. Bakinsa ne yake yi wa dariya. Harshena ya yi ƙaiƙayi, don irin wannan dama ba ta wuce ni. Sai Mai Farin Hannu ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya, ya saki labule, ya ce, "Alhaji, zo mu gwada naka, ya kusa." Bayan mutumin ya tafi na ce, "Ba nashi ba ne?" Ya ce, "Yaya, lamba ce." Ni da na haife shi ma bai ba ni ba. Na koma Tsafe ina ta juya abin a mota. Laifi tudu ne, in ji masu magana, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Shi kuwa yaron nan yana riƙe da tudun kowa a kabad, bai taɓa hawa ko ɗaya ba. Na ji daɗi a raina. Ban faɗa masa ba.

To ga inda na yi ɓarnar. Ni mai cin goro ce tun ina amarya. Wata shekara turamena na dama suka fara girgiɗi, suka zube ɗaya bayan ɗaya, na koma tauna da hagu, na daina cin nama ina cewa ba na sha'awa. Ban gaya wa kowa ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, balle a kai wa ɗan fari baki a buɗe. Ya zo gaishe ni Tsafe, ya ga ɓarin goron da na gatsa na ajiye a kan faifai. Na ga ya ɗauka yana jujjuyawa, ya mayar inda yake. Bayan mako guda sai ga wata ma'aikaciyar asibiti, mace mai hankali, ta ce ana zagayawa ana duba bakin tsofaffi, ana yi wa masu giɓi haƙora. Ta sa mini wani kwaɓi mai sanyi a baki, ta ba ni kaki na ciza. Na tambaye ta inda za a kai, don na rantse ba za a jera ni a kabad ba. Ta ce Zariya. Da haƙoran suka zo, suka zauna kamar da su aka haife ni, ko gyara ba a yi musu ba.

Sallar layya ta zo, muna gidansa, na ci soyayyen nama a gaban kowa. Sai na juya na ce, yana ji, matarsa na ji, 'ya'yansa na ji, "Kun ga aikin masu ilimi na Zariya. Ba irin na wasu ba, da sai kwaɓa alli." Shi kuwa ya ce, "Haka ne, Yaya. Allah ya sa ki more su." Ya miƙo mini wata tsokar.

Shekara biyu bayan nan ciwo ya kwantar da shi, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar bakwai na ce a ba ni mabuɗin ɗakin in share, don ban yarda da sharar kowa ba. Na hau kujera ina goge layin tsofaffi, sai can ƙurya na ga siffa guda an juya fuskarta bango. Na juyo ta. Wushirya a sama, fiƙa mai ɓantare inda na taɓa cizon dutse a wake, turamen dama babu. Na tuna Alhajin Bungudu, na ce kada in yi wa kaina shaida da ka. Na ciro haƙoran da ke bakina na ɗora a kan giɓin. Suka shige daram. Ni da ƙuda ba ya gifta ni, shekara biyu ina tauna da hannun ɗana ina yabon Zariya.

Na kifa ta in ga lambar. Na san siffar lamba, ina ganinta a jikin kuɗi da motoci. Wannan ba lamba ba ce. Kalmomi biyu ne. Na mayar da ita yadda na same ta, fuska bango, na sauko. Me zai rubuta? Mutumin da na ce wa magini, na ce wa mai gumaka, na kunyata gaban iyalinsa ranar sallah. In ya rubuta ɓacin ransa, yana da gaskiya, kuma ba ya nan balle in ce ya yafe. Na gwammace rashin sani. Duk shekara in na je Gusau sai in goge ta, in dubi rubutun kamar mai duban rijiya, in mayar.

A shekarun nan abubuwa sun sake. Asma'u ta nuna mini wani abu kamar muciya ƙarama da ake zagaya wa mutum a baki, sai ga haƙoransa sun fito a allon na'ura, ana jujjuya su da yatsa. Babu kwaɓi, babu ƙura, babu amai. Na tabbata da ubanta na nan da ya so abin, don shi ba mai gaba da sabon abu ba ne. Da ya zauna kusa da 'yarsa ya koya, da kuma ya tambaye ta tambayar da na yi mata: ina labulen? Domin na ga abin da ake yi a waya. Sai a ɗauki hoton bakin mutum, a ce ga shi da, ga shi yanzu, a watsa wa duniya don a jawo masu zuwa. Har leɓe da gemu ake nunawa, wanda ya san mutum zai gane shi. Na ga 'yan mata suna ɗaura wayar ƙarfe a haƙoransu lafiyayyu wai ado. Wannan bai dame ni ba, kowane zamani da haukarsa, mu ma mun rina baki da furen taba. Amma tallar bakin wani, wannan da ya ƙi. Da bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Da ya ce lamba ce, ya saki labule.

Da Asma'u ta ce za ta ba ɗalibai siffofin su ci gaba da karatu, na kafa mata sharaɗi. Su tafi da lambobinsu, baki a rufe, yara a ƙasa. Littafin sunaye kuwa ba ya fita gidan, a gabana za a ƙone shi a murhu. Ta ce an gama. Sai ta hau kujera tana sauko da layin sama, da safe ne, rana ta shigo ɗakin. Hannunta ya kai ƙurya.

"Kaka, wannan fa? Ba ta da lamba."

"Tawa ce. Ajiye."

"Akwai rubutun Baba a ƙasa."

"Na sani. Na ce ajiye."

Ta tsaya tana kallona daga saman kujera. Tana da idon ubanta, irin kallon da ya yi mini ranar Alhajin Bungudu. Na ga in ɗakin ya tashi ban ji ba, zan shiga kabari da tambaya. Na ce, "To karanta. Kada ki gyara mini komai."

Ta karanta a zuci, ta yi 'yar dariya. "Baba ya yi kuskure. Haƙorin Inna yake son rubutawa, sai ya rubuta Haƙurin Inna. Harafi ɗaya ya kuɓuce masa."

"Mi kika ce? Sake faɗi."

"Haƙurin Inna."

Na nemi tabarma na zauna. Na ce, "Ke yarinya, ubanki ya fasa gindi uku saboda faɗin gashi guda. Shi ne harafi zai kuɓuce mashi?"

Ta daina dariya. Ta sauko, ta sa mini siffar a hannu. Ita harafin ta gani. Ni kalma ta biyu ce ta kayar da ni, don ita ba ta san bai taɓa kira na da ita ba.

Na yi ta tunanin wane haƙuri yake nufi, ni da ba a san ni da shi ba. Ko na watannin da na yi ina tauna da gefe guda ban ce uffan ba, wanda ya karanta a jikin ɓarin goro. Ko na ranar da aka saɓa shi a baya aka nufi Kwatarkwashi, na tsaya ina daka ban ɗaga kai ba don kada a ce na yi rashin kunya. Yadda ya san cizon mutum daga ɗan kaki, haka ya san abin da ke bayan harshena. Bai ɗora ni a karkace ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ni ce na yi ta cizo, shi ya yi ta gyara.

Abin da ya rage nasa ba yawa a ido. Filasta ce, in ta faɗi ta fashe. Amma akwai tsofaffi daga Kucheri har Bungudu da ke cin tuwo da nama da aikin hannunsa ba su san fuskarsa ba. Akwai ɗaliban da har yau ke kwantar da siffa a kan gilashi kafin su ce sun gama. Akwai 'yarsa, wadda ta ɗinka wa allon na'urarta labule bayan maganarmu, ko da dai ta ce in daina faɗa wa mutane. Tawa siffar tana Tsafe a kan kantar kayana, na juyo fuskarta ɗaki.

Asma'u ta ce jaridar da za a kai wannan rubutu ba ta karɓar ta'aziyya babu suna, ta ce bari ta rubuta da kanta in ba zan iya ba. Na ce a'a. Shi ya karya tasa al'adar da fensir, a ɓoye. Ni zan karya tawa a fili, da haƙoran da ya yi mini. Aikin ba na Zariya ba ne. Na ɗana ne, kuma ya iya. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, Allah ya haskaka kabarinsa. Sunansa Lawali.